Sandar Buba da Sawun Ruwa

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Buba makwancinsa, kuma har yau ban samu wanda zan zaga da sassafe in ji raina ya yi fari ba. Ni Babarbare ne, shi Bafulatani, duk wanda ya san Haɗeja ya san abin da ke tsakani. Mun fi shekara talatin in na ce masa bawana ya ce mini bawansa, ba mu raba gardamar nan ba har Mai rabawa ya raba mu. Allah ya jiƙansa. Na so a ce bana in zauna in jero muku kyawawan halayensa, in yi addu'a in tashi. To amma akwai abin da ya tsaya mini a maƙoshi, wanda da yana raye shi zan fara sauke wa. Tun da ba ya nan, ku yi haƙuri, ku za ku ɗauka.

Buba ma'aikacin wutar lantarki ne, a sashen mita ya yi ƙuruciyarsa, a nan ya yi furfura. Ya fara aiki tun lokacin da hukuma ɗaya ce ke ba ƙasar nan wuta, ko in ce ke hana ta, har aka zo aka yanka hukumar gunduwa-gunduwa kamar naman watanda, kowane yanki da kamfaninsa. Mahaifinsa makiyayi ne, amma da ya rasu sanda kawai ya bar masa, shanun sun riga shi tafiya. Doguwar sanda ce da ta ɗan zarce Buba tsawo, ta sha hannu har tana ƙyalli. A jikinta ya sa wuƙa ya yi tsaga guda mai zurfi. Wannan tsagar ita ce tsayin da ƙa'idar aiki ta ce a kafa mita daga ƙasa, daidai idon mutum in yana tsaye. Ofis ya ba shi tef ɗin awo kamar kowa, amma ya ce tef lanƙwasa yake yi, kuma abin da ke lanƙwasa a hannu wata rana zai lanƙwasa a zuciya.

Da wannan sanda ya addabi garin nan. In ka gama gininka, mai wayarin ya gama nasa, ka shirya walimar shiga sabon gida, sai ga Buba a kan tsohon babur ɗinsa, sanda ɗaure a baya kamar mai zuwa farauta. Zai dogara ta a ƙasa, ya kanne ido ɗaya. In allon mitarka ya sauka da faɗin yatsa biyu, ko ya hau da faɗin yatsa biyu, to wallahi ko kai ne ka yi masa huɗuba ranar suna ba za ka ga wuta ba sai ka gyara. Ni kaina bai bar ni ba. Da na buɗe shagona na kayan injin ban-ruwa, ya sa na cire allon nan na mayar har bangon ya koma kamar rariya. Na ce masa, kai dai jinin kiwo ba ya barin mutum, an rasa shanu an koma kora mitoci. Ya ce gara shi, mitocinsa suna tsayawa a layi, ni ko 'ya'yan cikina ba sa tsaya mini.

Amma in an bar wasa, mutumin yana da aƙida, kuma sunan da ya sa mata shi ne mudu ɗaya. Yakan ce ku dubi kasuwa. In mudun shinkafar Haɗeja daban, na Gujungu daban, na Guri daban, to ko ba a cuci mai saye ba sai ya tafi gida yana jin an cuce shi. Haka wuta. A 'yan shekarunsa na ƙarshe a aiki akan tura shi taro, inda masu mita na yankuna daban-daban ke zama don su daidaita kayan aikinsu. Burinsu, in ji shi, allon mita ya zama girma ɗaya a ko'ina, ramukan ƙusa su zo wuri ɗaya, wayar da ke saukowa daga falwaya zuwa gida ta zama kauri ɗaya, ta yadda kowace masana'anta ta ƙera mita za ta zauna a kowane gida, kuma ma'aikaci daga wani gari ya zo ya kama aiki ba tare da ya tsaya yana tambayar yadda ake yi a nan ba. In ya dawo daga irin wannan taro, majalisarmu ta shiga uku. Zai yi ta bayanin ramukan ƙusa har shayi ya huce, mai shayin ya yi gyangyaɗi, kajin unguwa ma su haddace. Mukan ce masa Allah ya nuna mana, muna ƙunshe dariya.

Da ya yi ritaya, abin da aka sallame shi da shi bai sayi mota ba, bai ƙara aure ba. Firiza ya saya manya guda uku ya jera wa matarsa, Adda Dije, ta riƙa yin ƙanƙara. Masu ɗanyen kifi na kasuwa su ne manyan abokan cinikinta, sai mata masu zoɓo da kunun aya. Ya nemi wuta mai layi uku, aka kawo mita, shi da kansa ya tsaya aka kafa ta a bangon zaurensa.

A nan ne gizo ke saƙar. Gidan Buba yana gangare ne, a unguwar da in kogi ya yi tari su ke fara jin yawu a fuska. A bangon maƙwabtansa akwai tsohon sawun ruwa, baƙin layin da ambaliya ke bari in ta janye. Ranar da ake kafa mitar, Adda Dije ta leƙo ta nuna masa wannan layi, ta ce ya ɗan ɗaga ta sama mana, tun da ruwa ba ya sallama. Ina wurin, da kunnena na ji amsarsa.

"Dije, in mai riƙon sanda ya ɗaga don gidansa, gobe kowa sai ya ɗaga don nasa."

Ya dogara sanda, ya yi alama a daidai tsagar, aka buga ƙusa. Bayan shekara biyu ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Ruwan bai zo a gabansa ba, sai da ya yi 'yan shekaru a ƙasa. Waɗanda suka ga daminar nan ba sa buƙatar in ba su labari. Samari da dattawa mun yi kwanaki muna cika buhuna da yashi muna tare jinga, kogi yana kallonmu yana murmushi. Ranar da ya ga dama, da hantsi, ya tsallako. An samu an fitar da firizojin Adda Dije a kan amalanke zuwa tudu, an kwashe tabarmi da tukwane. Saura mita. Wani maƙwabci ya zo da sukundireba ya ce bari ya kwance ta a gudu da ita, aikin ɗan lokaci ne. Adda Dije ta tsaya a gabanta, ruwa yana idon sawunta, ta ce ba mai taɓa ta. Akwai hatimin kamfani a jiki, kuma Malam ya sha faɗa cewa duk wanda ya ɓalle hatimin mita ɓarawo ne ko da bai saci komai ba. Aka yi, aka yi, ta ƙi. Haka aka bar ta. Da ruwa ya janye muka dawo, sabon sawun ruwa ya wuce saman mitar da taƙi guda. Hatimin yana nan lafiya lau. Mitar kuwa, da za a matse ta da an samu karfasa biyu da ɗan tarwaɗa.

Daga nan ne wahalar da nake son ba ku labari ta fara, kuma ni na zama ɗan aike, don 'ya'yan Buba mata ne, duk suna gidajen mazajensu a wasu garuruwa.

Hanyoyi biyu masu sauƙi suna nan a buɗe. Ko a haɗa mata wuta ba mita a riƙa kawo bil na kintace, wanda ga mai firiza uku daidai yake da a ce kura ta kintata maka nauyin akuyarka. Ko kuma a yi abin da rabin unguwa suka yi, a kira mai tsani ya zagaya da waya ta baya. Ta farko ta ce ba za ta iya ba, ta biyu kuwa da aka kawo mata maganar sai da ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwar wanda ya kawo ba. Matar Buba ce. Sai ta zauna a duhu tana jiran mita, firizoji a jere a tsakar gida kamar akwatunan lefen da aka fasa auren.

Ga kuma yayanta, Alhaji Manu, da ke Birniwa. Mutumin kirki ne, ba da mugunta yake yi ba. Ya ce zaman me take yi ita kaɗai a bakin ruwa, ba miji, ba wuta, ba sana'a? Ta sayar da ƙarafan nan, ta rufe gidan, ta dawo wurinsa, ɗaki yana nan. Ita kuma ta san in ta fita daga gidan nan ta fita ke nan. Macen da ta saba ta ɗaure kuɗinta a bakin zane ta yi wa jikokinta ɗinkin salla, ta koma jiran a miƙo mata kwano.

Ana haka sai mijin 'yarta da ke Nguru ya tuna yana da mita mai layi uku, sabuwa fil, ta wani shago da ya rufe. Ya naɗo ta a tsumma ya ba direba ya kawo. Da muka ajiye ta kusa da matacciyar, Hasan da Usaini ke nan, masana'anta ɗaya, launi ɗaya. Na ɗauke ta a adaidaita har ofis ina taƙama kamar mai kai amarya. Ma'aikacin da na samu ya juya ta, ya dubi lambar jikinta, ya turo mini abata. Ya ce wannan ta kamfanin can ce, Nguru ba yankinsu ba ne. Katin da za a saya a nan ba zai shige ta ba, ko an danna lambobin har yatsa ya kumbura, kuma ba su da ikon karɓarta. Na ce Nguru fa, Ngurun da muke zuwa mu ci kasuwa mu dawo mu kwana a gida? Ruwan da ya kashe tamu mitar can ya wuce, ba wanda ya tsayar da shi a kan iyaka. Kifi yana tsallakawa, sauro yana tsallakawa, aure ma yana tsallakawa, sai mita ce baƙuwa? Ya yi dariya, ya ce Alhaji ni ma a nan na tarar da abin. Ban ga laifinsa ba. Na dawo da amarya gida.

Sai aka sa mu a layin masu jiran 'yan kwangilar sa mita. Da ayarin farko suka iso, suka ce ai yanzu an daina kafa mita a bango, a saman falwaya ake ɗaure ta, ɗan abin danna lamba kawai ake bari a ɗaki. Na ce alhamdu lillahi, ko ruwan Ɗufana ne sai ya yi da gaske kafin ya kai can. Suka ce ta tanadi akwatin ƙarfe iri kaza, suka nuna girmansa. Ta sa aka ƙera. Suka ce za su dawo jibi. Wannan jibin har yau tana hanya, ashe kwangilarsu ce ta ƙare. Bayan watanni wani ayari ya zo da mitar wata masana'anta. Aka gwada ta a akwatin, ta ƙi zama, ramukan ƙusarta suna gabas na akwatin suna yamma. Suka ce su ma ba a falwaya suke sawa ba, a bangon waje ne, kuma wayar da ta sauko gidan ba irin tasu ba ce, sai an sake. Akwatin nan yanzu kaza ce ke ƙwai a ciki, ita kaɗai ta ci ribar kwangilar.

Ramukan ƙusa, jama'a. Abin da muka riƙa yi wa Buba dariya a kai yana kashe mana shayi. Ranar na tsaya a zaurensa ina kallon mita a hannu, akwati a ƙasa, na rasa inda zan sa fuskata.

A cikin wannan kai-komo azumi ya zo ya wuce, a tsakiyar zafi, lokacin da mai ƙanƙara ke zama sarauniyar unguwa. Adda Dije da kanta sai da ta aika aka sayo mata ƙanƙarar buɗa-baki a wurin wasu. Masu kifi sun yi mata kara iyakar iyawarsu, amma kifi ba ya jiran zumunci, suka koma wurin wani mai sola. Ta sayar da firiza ɗaya. Alhaji Manu ya aiko cewa bayan salla zai zo da mota.

An ce mini akwai ƙa'ida ta bai ɗaya a rubuce, kuma kamfanonin suna zama suna tattaunawa. Ban musa ba, ban kuma ce ba a ci gaba ba, don mita mai kati ta raba mutane da yawa da rigimar bil. Amma ni ba a takarda nake zaune ba, a Haɗeja nake. Abin da na gani shi ne kowane ayari da nasa mudu, kuma mai gida shi ke biyan kuɗin bambancin da aljihunsa da kwanakinsa. Da Buba zai leƙo ya ga an kai matsayin da mitoci biyu 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba sa gaisawa saboda iyakar jiha, ina jin da sandar nan ba awo zai yi da ita ba.

Ayari na uku ya zo ana saura kwanaki kaɗan motar Birniwa ta iso. Shugabansu Malam Sabo ne, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Buba shekaru da yawa, yanzu shi ma gemunsa ya yi fari. Ya gaishe da Adda Dije a durƙushe. Ya zo da mita, ya zo da allonta, wayar ma ya ce za ta yi. Na ce yau dai an zo wurin. Sai ya ciro tef ya auna bango, ya yi alama da alli. Alamar ta faɗi daidai kan tsofaffin ramukan Buba, taƙi guda a ƙarƙashin sawun ruwa.

Adda Dije ta ce ba za a sa a nan ba. Malam Sabo ya ce shi kuma ba zai sa hannu a kan aikin da ya saɓa tsayin ƙa'ida ba, don in masu duba aiki suka zo shi za a kama, kuma wanda ya koya masa wannan taurin kai hotonsa yana rataye a ɗakinta. Na shiga tsakani, na yi magiya, na yi barkwanci, na yi barazanar suma. Ba wanda ya motsa. Almajiran mutum ɗaya ne su biyun, kowa ya riƙe rabin karatun.

Sai ta shiga ɗaki ta fito da sandar. Tun rasuwarsa ban sake ganin sandar nan ba. A gindin bangon akwai ragowar buhunan yashin da muka yi jinga da su, an tara su a nan. Ta ɗora gindin sandar a kan tarin, ta jingina ta da bango. Tsagar ta haye sawun ruwa da kusan kamu guda.

"Sabo," in ji ta, "Malam ya ce daidai idon mai karantawa in yana tsaye. To a nan zai tsaya."

Malam Sabo ya dubi sandar. Sannan ya ce buhun yashi ba ƙasa ba ne, gobe wani zai janye. Amma in ta gina dakali na siminti a wurin, da matakala, wanda mutum zai hau ya tsaya da ƙafa biyu, shi zai auna daga kansa ya sa hannu da zuciya ɗaya. Kafin la'asar na kawo magini, ni da kaina na riƙa miƙa masa bulo. Ban taɓa ganin Babarbare ya ɗauki bulo don Bafulatani ba sai ranar, kuma ina roƙon kada labarin ya wuce wannan shafi.

Ranar da Alhaji Manu ya iso da motarsa ya tarar da firiza biyu suna gurnani. Ya zauna ya ci tuwo, ya yi wa ƙanwarsa addu'a. Motar ta koma Birniwa ba kaya, sai ƙanƙara biyu a buhu da ta ba shi tsaraba.

Kada ku ɗauka na huce. Firiza ɗaya ta tafi, rabin masu kifi ba su dawo ba, azumi guda ya salwanta a kan abin da zama ɗaya na masu abin zai iya kashewa. Yanzu maƙwabta sun ga dabara, kowa yana gina dakalin mitarsa, kuma, kun san mu, kowa da tsayin nasa. Na wani kamar kabarin yaro, na wani sai ka yi niyyar hawa kamar mimbari. Jiya ma na ji ƙishin-ƙishin wai wani sabon ayari yana tafe da zancen komawa falwaya. Roƙona ga masu zaman daidaita kayan wuta bai fi wannan ba: ku gama daidaitawar nan, mita ta zauna a kowane allo, ta tsallaka iyaka kamar yadda masu ita ke tsallakawa. In kuma kun zo rubuta tsayi, ku kira mutum ɗaya daga bakin kogi ya zauna da ku, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shi kuwa Buba, na auna shi na sake aunawa a shekarun nan bakwai. Ya yi gaskiya a kan mudu ɗaya, mu da muka yi masa dariya mun biya kuɗin dariyarmu. Ya yi kuskure da ya zaci kogi yana karanta ƙa'ida. Amma taurin kan nan nasa da ya nutsar da mita, shi ne dai ya hana matarsa satar wuta a watannin da ba wanda zai zarge ta in ta yi, shi ya hana Sabo sa hannun ƙarya, kuma da sandarsa aka raba gardamar. Ban san yadda ake raba waɗannan a ɗauki ɗaya a bar ɗaya ba.

Sandar tana rataye yanzu a gefen sabuwar mitar. Da yamma nakan biya in zauna a kan dakalin, Adda Dije ta aiko mini da ruwan sanyi, ta ce a gaya wa Babarbaren nan ba a gina don shi ba. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, kogi ya fara ɗagowa a hankali. Nakan ɗaga kai in dubi baƙin layin nan, in dubi mitar a samansa, in ce: bawana, ka ga dai sai da aka ɗaga. Ba ya amsawa, kuma wannan ne kaɗai cin nasarar da ban taɓa jin daɗinsa ba. Allah ya sanyaya makwancinka, Buba, ya haskaka shi da hasken da ba a ɗaukewa.